Wa Ya Haifi Nomau

A Agadas aka fara cutarmu, kuma da Hausa aka yi ta.

Wani mutum ya tare mu a tasha. Da ya ji bakinmu sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Kai, Sakkwatawa! Ai kakata 'yar Bodinga ce." Ya karɓi jakar ƙanena Nomau ya rataya a kafaɗa, ya kai mu wani gida mai ƙofar ƙarfe, ya ce mu huta, gobe akwai mota. Muna shiga muka ji an ja sakata ta waje. Ba a buɗe mana ba sai da aka sayar da bijimin nomanmu a garinmu Lambara aka turo abin da suka nema.

Ni ne Arzika. Albasa muke nomawa, ni da Nomau. Shekarar da ruwa ya cinye fadamar muka ce bari mu gwada Aljeriya, tun da wasu sun je sun dawo sun yi rufin kwano. Daga ranar Agadas na sa wa kaina doka: duk wanda ya zo mini da harshen gida a ƙasar mutane, in dafe aljihuna. Nomau bai sa wa kansa komai ba. Shi mai son mutane ne. Ranar da aka sake mu har sallama ya yi da mai gadin da ya tsare mu.

"Yaya," ya ce mini, "kai ko mala'ika yab ba ka ruwa sai ka sunsuna."

"Sai in sunsuna," na ce.

Kuma sunsunawar ta yi rana, don ruwan da direba ya ba mu a sahara warin fetur yake yi. Da gangan suke ɗiga shi a jarka, don kada mutum ya sha da yawa. Mun zauna a bayan mota, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sanda tsakanin cinyoyinsa. Wanda ya yi gyangyaɗi ya faɗi, ya faɗi ke nan. A wata rijiya bayan Arlit wata tsohuwar Buzuwa ta miƙo mana dabino a gefen mayafinta. Na tsaya ina jiran in ji me za ta ce a ba ta. Ba ta ce komai ba, ta kora awakinta ta tafi. Nomau ya daɗe yana yi mini dariyar wannan.

A Tamanrasat muka samu aikin gini. Mu ɗauki bulo, mu kwaɓa siminti, mu kwana a cikin kangon da muke ginawa. Maigidanmu na farko sai da muka kai gini linta, ranar sallama ta zo, sannan 'yan sanda suka bayyana a bakin titi. Muka tsallake katanga. Wa ya kira su, ban gani ba. Amma na ga maigidan yana tsaye yana shan shayi, bai ko juyo ba. Na biyu ya fi shi tsoron Allah. Shi yakan biya, matarsa kuma takan aiko mana da burodi da miyar wake ranar Juma'a.

Ni na iya zama ko'ina. Nomau ne ya kasa. Bai cika shekara da aure ba muka fito, matarsa Hassi ko ciki ba ta yi ba. Sai ya zauna bisa bulo yana lissafa mini abin da ke gida: furar Shagari da nonon safe, kifin dam, ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko. Ya rame. Ya daina ba'a.

Rannan ya ce, "Yaya, ni za ni gida. Damana ta kusa, wa ka shuka ma Inna?"

"Jira mu tai tare bayan Sallah."

"Kai dutse na. Ni ba dutse ba na."

Na raka shi wurin wani dillalin motoci, Alhaji Mamman, mutumin Tawa. Motar ba ta bin babbar hanya, ta bayan gari take zagayawa don kauce wa shinge. Ban so fuskar direban ba, amma ban taɓa son fuskar direba ba. Nomau ya hau, ya rungume sandarsa, ya ɗaga mini hannu.

Shiru. Na buga gida, Inna ta ce bai iso ba. Na je wurin Alhaji Mamman.

"Sun isa Arlit tuni," ya ce. "Waya ce ba ta shiga."

Na koma. Ya ce suna Agadas, direba na gyaran mota. Na sake komawa. Ya ce ƙila ƙanena ya bi abokai wurin haƙar zinari, matasa ai haka suke. Duk sanda na je sai ya sa a kawo mini shayi. Ban taɓa sha ba.

Mai shayin ne ya gaya mini gaskiya, wani dattijon Buzu da ba mu taɓa doguwar magana ba. Ya biyo ni har lungu, ya ce da 'yar Hausarsa, an tsinci mota can cikin rairayi, ta lalace, direba ya tafi neman taimako bai dawo ba. An kwaso gawarwakin da aka samu, suna asibitin wani gari a kudu, a hannun hukuma. Ya ce motar Alhaji ce. Ya ce kada in ce shi ya faɗa.

Ba ni da takarda ko ɗaya. Baƙo irina ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, ya san ba da ƙafarsa zai fito ba. Abokan aikina suka ce in bari, wanda ya mutu ya mutu. Amma ban san ya mutu ba, kuma abin ke nan. Liman ya riga ya gaya wa Inna cewa matar wanda ya ɓace, ba a ga gawa ba, ba a samu shaida ba, sai ta jira shekara huɗu. Hassi ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Na ɗaure kayana na tafi garin.

'Yan sanda suka zaunar da ni a benci. Suka nuna mini hotuna. Rana ta daɗe da gama aikinta a kan mutanen nan. Babu fuska. Riga irin wadda kowa ke saye a kasuwar Tamanrasat, takalmin roba irin na kowa. Na duba, na sake dubawa. Ban iya cewa ga shi ba, ban iya cewa ba shi ba.

Sai na ji murya a bayana. "Sannu da hanya, Malam. Daga ina cikin Najeriya?"

Hausa. Na dafe aljihuna, na juya. Mace ce, ba ta kai shekaruna ba, da tabarau da mayafi, ba kaki a jikinta. Tana riƙe da 'yar na'urar ɗaukar magana.

"Ni ba malami ba na, sunana Arzika," na ce.

"To, Arzika. Sunana Zali, mutuniyar Maraɗi. Ni ba 'yar sanda ba ce. A jami'a nike."

"Mi kika yi nan?"

"Masu gwaji su rubuta abu guda. Ɗan sanda shi karanta shi faɗi wani. Mai ɗan'uwa shi ji wani daban. Tsakanin nan nike aiki. Ina zama in saurara, in rubuta inda magana ke karkacewa."

"Wa ka biyan ki?"

"Jami'a."

"Wa ka biyan jami'a?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ta ce akwai gwaji. A goga ɗan tsinke mai auduga a cikin kumatuna, a gwada miyauna da ƙashin mutanen nan. In akwai jinina cikinsu, zai nuna.

A garinmu ko aski aka yi maka sai ka tattara gashin ka binne. Farce ma haka. Ba a barin wa baƙo abin jiki. Na ce, "In kun ƙare, ina miyan ka zuwa?"

"Masu gwaji sun ce ƙonewa sukai. Ban taɓa gani da idona ba."

"In na ba da, su sake ni?"

"A'a. Tsare ka za su yi, su maida ka iyaka. Ko ka ba da ko ba ka ba da ba. Ba ni da ikon hanawa."

Tun Agadas ban ji wanda ya gaya mini mugun labari kai tsaye ba. Na yi tunanin ko wannan ce sabuwar dabarar. Na buɗe baki duk da haka.

Kafin a goga, ɗan sandan ya yi tambaya da Larabci, ta mayar mini. "Shina tambaya, wanda kake nema, mi naka ne?"

"Ƙanena."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka goga, aka sa a kwalba, aka wuce da ni wani babban fili mai katanga inda ake tara waɗanda za a kora.

Zaman filin nan ba ni son ba da labarinsa. Mutane daga ƙasashe da yawa, famfo ɗaya. An sace mini takalmi ina salla. Wani Bazabarme mai suna Hamani ya ba ni nasa na wanka, ya ce in na yi arziki in tuna da shi. Shi ne tafintanmu, don ya daɗe a ƙasar, ya tsinci Larabci.

Wata safiya aka kira sunana. Ɗan sanda na tsaye bakin ƙofa da takarda, yana sauri. Malama Zali ba ta nan. Ya yi magana gajeriya, ya kaɗa hannu. Hamani ya ce, "Ya ce babu jininka cikin waɗancan. Ya ce koma."

Na zauna a ƙasa. Hamani yana da waya a ɓoye cikin ɗinkin wandonsa, ya ba ni. Na buga Lambara.

"Inna, ba shi cikinsu. An gwada. Nomau ba shi cikinsu."

Na ji guɗa ta waya. Na ji muryar Hassi tana tambaya a sake faɗi.

Washegari Malama Zali ta zo, aka fito da ni wani ɗaki. Ta ajiye na'urarta a tebur ta ce in na yarda za ta ɗauka. Na ce ta ɗauka, yau ko mi ta so.

"Mi ka ji an ce maka jiya?"

"An ce ƙanena na da rai."

Ta ɗago kai. "Haka ɗan sandan ya ce?"

"Ya ce babu jinina cikinsu."

"Wannan da wancan ba ɗaya ba ne, Arzika."

"Ɗaya na."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Saurara. Na'urar nan ba ta san Nomau ba. Ba ta taɓa ganin shi ba. Tambaya guda aka yi mata: cikin mutanen nan akwai wanda ya fito ciki ɗaya da Arzika, uba ɗaya? Ta ce babu. Iyakar abin da ta ce ke nan. In uwarku ɗaya ubanku ɗaya, to labarinka ya yi kyau. Haka ne?"

"Na hwaɗa maki ƙanena na."

"Ban ce ba ƙanenka ba ne. Wa ya haife shi?"

Tun da nake, ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Da namiji ne ya yi ta, da na tashi tsaye.

Nomau ɗan farin Kawu ne, wato ƙanen Inna, mutumin Danchadi. Ranar da aka yaye shi Inna ta je ta goyo shi, kamar yadda ake yi. Ina da wayo lokacin, na tuna shigowarta da shi yana ta kuka a bayanta. Daga ranar ɗanta ne. Babanmu ya yi masa kaciya, ya yi masa aure, ya raba mana gona daidai. Kowa a Lambara ya sani, ba mai faɗi. Wani ya taɓa ce masa ɗan riƙo a wurin dambe muna samari, har yau mutumin da giɓi yake yawo. Da ɗan sanda ya tambaye ni, ba ƙarya na shirya ba. Amsar da ke bakina ke nan tun ina yaro.

Na gaya mata a gajarce.

"Ina wurin sanda aka yi tambayar," ta ce. "Ni na mayar maka da ita. A gidanmu ma akwai irin wannan, kuma ban tsaya na tambaya ba. Wadda ta haife shi tana da rai?"

"Tana nan. Kawu ya rasu. Sauran da ta haihwa duk ba su tsaya ba."

"To miyanta ake so. Na uwa ba ya barin shakka."

"Na riga na buga gida," na ce.

Ta miƙa hannu ta kashe na'urar.

Ta ce za ta je Maraɗi ganin iyayenta bayan damana. In hukuma ta ba ta izini, za ta tsallako wurinmu ta ɗauki miyan. Ta karɓi lambar wayar gidanmu. Na ba ta don ba ta da amfani gare ni a ɓoye. Ban sa ran ganinta ba. Alhaji Mamman ma alkawari yake yi.

Aka loda mu a manyan motoci aka sauke mu bakin iyaka, aka nuna mana kudu da hannu. Muka taka. Hamani ya faɗi a hanya, muka ɗaga shi, ya kai. Daga can mota zuwa Agadas, zuwa Ƙonni, zuwa Illela. Na shiga Lambara da takalmin wankan wani.

Na tarar an yi sadakar waina saboda labarina. Hassi ta yi kitso. Duk motar da ta tsaya bakin titi sai ta leƙa ta kan danga. Mutane suna yi mini barka biyu, ta dawowata da ta Nomau. Wani ma ya ce an gan shi wajen zinari, ya yi ƙiba.

Na samu Inna ita kaɗai tana tsince wake a faifai. Na tsuguna na gaya mata. Ba ta daina tsincewa ba.

"Kai kac ce an gwada."

"An gwada da nau. Nau bai isa ba."

"To a gwada da nau."

"Inna, sun ce sai na Danchadi."

Ta ture faifan, waken ya watse. "Da bakin ga na tamna mai tuwo sanda ba shi da haƙora. Miyauna yas sha ya girma. Wace Nasara ta za ta ce ba ni ba ce?"

Na shiga tattara waken da ya watse.

An girbe gero, an fara zuba irin albasa, sai waya ta shigo. Malama Zali tana Bodinga, tare da wani ma'aikacin asibiti da zai zama shaida. Na je na same su. Ko a lokacin sai da na zagaya motar na duba ko akwai mai kaki a ciki.

Kafin ta gama gaisawa da Inna labari ya zaga gari. Wasu suka ce mai tara miyan mutane ce tana sayar wa Turawa. Wasu suka ce da shi ake rufe wa mutum baki. Maƙwabcinmu ya ja ni gefe ya ce, "Arzika, sun ci ƙanenka, yanzu ka kawo su su ci tsohuwa?" Ban ce masa ƙarya yake ba. Ni ma ban gama sani ba.

Inna ta buɗe baki ta ce wa Malama ta ɗauka. Malama ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, in na ɗauka na yaudare ki. Na'urar jahila ce. Haihuwa kaɗai ta sani, ba ta san wahala ba."

Inna ta dube ta, ta dubi ɗakin Hassi. Yarinyar na tsaye bakin ƙofa, ta ji komai, kitson nan ya tsufa a kanta.

"Ku tai," Inna ta ce. "Amma ban aike ku ba."

A Danchadi muka tarar da Inna Jumma, matar Kawu, tana shanya kuɓewa a tsakar gida. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana. Tun da nake ban taɓa jin sunan Nomau a bakinta ba. Kunyar ɗan fari. In ya je gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a gajarce, kamar mai amsa wa baƙon da ya yi ɓatan hanya. In ta yi masa fura, wani take ba ya kai, ta ce ragowa ce.

Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo mu. Ta ci gaba da baza kuɓewa.

"Kun ɓace hanya. Uwar yaron na Lambara."

"Inna Jumma, daga can muke."

"To ku koma. Ni ba ni da ɗa."

Ma'aikacin asibitin ya fara bayani da ƙarfi, kamar kurma yake wa magana. Malama Zali ta ɗaga masa hannu. Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa, ta nuna wa tsohuwar tsinken da kwalbar, ta ce ba allura, ba jini, ba zafi. Ta ce in ba ta so, ba mai tilasta ta, mu tashi mu tafi.

Inna Jumma ta dubi tsinken. "In an yi, mi za a rubuta?"

"In shi ne, za a rubuta ke kika haife shi."

"A karanta gaban Kulu?" Kulu ita ce Innarmu.

"Ba dole ba ne. Amma ba zan ce maki ba za a rubuta ba."

Tsohuwa ta girgiza kai. Ta ɗauki tsintsiya. Na ga tafiyar za ta tashi a banza.

Na ce, "Inna Jumma, ba don ke ba, ba don Inna ba. Don yarinyar ga ta, Hassi. Shekara huɗu Liman yac ce ta jira."

Ta tsaya da tsintsiyar a hannu. Sannan ta tofar da goron da ke bakinta, ta ɗebi ruwa a randa ta kurkure.

"Kai, hita," ta ce mini. "Kai ma," ta ce wa na asibitin.

Malama ta ce doka sai shaida ya gani. Aka daidaita ya tsaya daga nesa, ta bayanta. Ni na koma zaure. Ban ga komai ba.

A mota na tambayi Malama ko tsohuwar ta ce wani abu.

"Ta ce in ba shi ba ne, kada a sake zo mata. In shi ne, a gaya wa uwarshi."

Albasa ta fara kai sanda wayar ta zo. Ina cikin fadama ina ban ruwa. Na kashe inji.

"Arzika, kana zaune?"

"Hwaɗi."

"Gwaji ya ce ɗaya daga cikin mutanen nan, matar Danchadi ita ta haife shi. An yi sau biyu, a hannu biyu, don mutane kan yi kuskure. Ita kuma ka ce ɗa guda gare ta a duniya. An riga an yi musu sutura can, da salla. Kabarin lamba ke gare shi, yanzu za a sa suna." Ta dakata. "Gaya mini mi ka ji."

"Nomau ya mutu."

"I. Wannan karon abin da aka ce ke nan."

Na ce mata na gode. Ban san ko ta rubuta ni a littafinta ba, ko me ta ce a kaina. Ban san ko an ƙone miyan ba. Har yau ban sani ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a Lambara. Liman ya yi wa Hassi bayanin takaba, mata suka tsefe mata kai. Maza a ƙofar gida, mata a ɗakin Inna. Waɗanda suka ci wainar sadaka su ne suka dawo gaisuwa.

Ranar addu'ar uku matan Danchadi suka iso. Na shiga kai goro ɗakin Inna, na tarar suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Inna Jumma ce ta ƙarshe. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar kowa.

"Yaya Kulu, ya haƙuri? Allah shi jiƙan ɗanki. Allah shi ba ki dangana."

"Amin," Inna ta ce.

Sai Inna ta matsa gefe a kan tabarmarta, inda masu karɓar gaisuwa ke zama, ta dafa wurin da hannu. Inna Jumma ta dubi wurin. Ta ja jiki ta zauna can jikin bango, cikin baƙi. Duk wadda ta shigo ta yi wa Inna ta'aziyya, da ita ake cewa amin.

Da la'asar 'yan rakiyarta suka ce za su kwana. Ita ta ce awakinta ba mai ba su ruwa. Na ari babur na ɗauke ta.

Muka fita gari. Muka wuce gonakin ƙarshe, ba kowa a hanya sai mu. Can na ji ta kifa goshinta a bayana. Na ji rigata tana jiƙewa. Ba sauti, sai jikinta da ke girgiza.

Ban waiwaya ba. Na rage gudu.